Abin da rogo ya koya mini a ɗakin bincike

Ciwon rogon da muka yi aiki a kansa, wanda ake kira brown streak da Turanci, ba ya nuna kansa sosai a ganye. Manomi zai ga gonarsa kore shar, sai ranar haƙa ya yanka saiwar ya tarar da ruɓa mai launin ƙasa a ciki, busasshiya, ba ta ciyuwa, ba ta sayuwa. Tun 1936 aka san shi a Tanzaniya, amma ya daɗe a yankunan bakin teku kafin ya ɓarke a Yuganda wajajen 2004. Bairos iri biyu ne ke haddasa shi, farin ƙuda na yaɗa shi, kuma sandar rogon da manomi ya karɓo daga maƙwabci ta fi kowa kai shi nesa.

Na shiga aikin ne a matsayin mai koyo a wata cibiyar bincike a Gabashin Afirka. Dabarar ita ce a ɗauki guntun bayanin gado na rigar bairos ɗin, a saka shi cikin rogo yadda tsiron zai riƙa ƙera ƙananan zaren saƙon gado da ake kira RNA masu gane maharin, su datse shi kafin ya hayayyafa. Tushen tunanin tsoho ne: tun 1986 masanin tsirrai Roger Beachy da abokan aikinsa suka nuna a jikin taba cewa guntun bairos na iya kare tsiro daga bairos ɗin, kuma da irin wannan hanya aka ceto gwandar Hawayi a 1998.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Rogo ba ya son a raine shi a cikin kwalba a ɗakin bincike. Sai an raini ƙwayoyinsa sun zama wani dunƙule mai rugurgujewa, a haɗa su da bakteriyar Agrobacterium wadda ke kai saƙon ciki, sannan a yi ta canza musu abinci wata da watanni har ɗan ganye ya leƙo. Hannuna ya saba da wuta da sinadarin tsafta fiye da ƙasa. Fumfuna ɗaya ta shiga, aikin wata uku ya tafi.

Gwajin da na fi so shi ne aure. Kamar yadda ake yi wa mangwaro, mukan yanko ido daga rogo mai ciwo mu ɗaura a jikin wanda muka gyara. Wasu sun kamu, mafi ƙarfinsu kuwa suka fito da saiwa fara tas. Ranar da na fara yanka irin wannan saiwar na daɗe ina juya ta a hannu.

Sai ga abin da ba wanda ya yi tsammani. Irin da ake aiki da shi, TME 204, yana da juriyar gado ga ɗaya ciwon rogon, wato mozayik, mai murɗe ganye ya bar masa dabbare-dabbare. A gonar gwaji aka ga rogon da ya fito daga kwalba ya rasa wannan juriya. Ba sabon guntun gadon ne ya jawo ba. Bin hanyar renon nan kaɗai ya isa, domin har waɗanda ba a saka musu komai ba sun kamu. Wannan ya girgiza ni, domin a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace noman rogo a duniya, mozayik ne ke cikin gonaki yau. Rogon da ya tsira daga ciwon gabas ya faɗi gaban na gida, wa zai shuka shi?

Mafita ta zo daga masu haɗa iri na gargajiya. Aka riƙa barbarar rogon da aka gyara da irin da manoma ke so, ana zaɓen 'ya'yan da suka gaji kariya biyun. Aiki ne mai cin shekaru, don rogo ba ya fure yadda mutum yake so. A 2021 hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta Kenya ta amince a ci gaba da gwajin wannan rogo a matakin ƙasa.

Da na dawo gida na daina fara magana da sunan bairos. Ina tambayar manomi daga ina ya samo sandarsa, wata nawa rogonsa ke yi a ƙasa, kuma ko matan gida na son garinsa. Duk wanda zai kawo sandar rogo daga gabashin nahiyar nan ba tare da binciken jami'an killace tsirrai ba, ina roƙonsa da ya bari.