Mastas a Adabin Ingilishi: Daga Cike Fom zuwa Kare Kundi

Na yi digirina na biyu a fannin adabin Ingilishi a wata jami'ar tarayya da ke Arewa, kuma har yau ƙanne da ɗalibai suna tambayata yadda ake shiga da yadda ake fita. Shigar ba ta da wuya sosai. Fitar ce aiki, kuma abin da na ga yana riƙe mutane shekara da shekaru kusan abu ɗaya ne: sun zo da son karanta littattafai, ba su zo da tambayar da za su yi bincike a kanta ba.

Takardun da ake nema sanannu ne. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da adabin Ingilishi; digiri na farko a fannin, aƙalla 2:2; takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa; da shaidar malamai biyu ko uku da suka san aikinka. Wanda ya fito daga wani fanni, ko sakamakonsa bai kai ba, yawanci sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Abin da ke jawo jinkiri shi ne taranskirif, wato takardar cikakken sakamakon digirinka na farko, domin tsohuwar jami'arka ce za ta aika da shi kai tsaye, ba a karɓa daga hannunka. Ka biya kuɗinsa tun ranar da ka sayi fom, ka adana rasit, ka bi sawu har ka tabbatar ya shiga fayil ɗinka. Sannan ka lura da abin da kake cikewa: sashen Ingilishi ɓangare biyu ne, harshe da adabi, kuma sauya ɓangare bayan an ba ka gurbi wahala ce. Inda ake jarrabawar shiga, akan iya ba ka waƙar da ba ka taɓa gani ba a ce ka yi sharhinta. Ba sunayen marubuta ake son ji ba, ana so a ga ko ka iya karatu da lura.

Shekarar farko ta kwasa-kwasai ce, zango biyu: ra'o'in adabi (wato tiyori) da tarke (sharhin adabi), dabarun bincike, ƙagaggun labaran Afirka, waƙa, wasan kwaikwayo, adabin baka. Makin ci 50 ne, ba 40 ba. Kada ka tsaya kan tsallakewa kawai, domin yawancin jami'o'i suna neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5 kafin su ɗauki mutum digiri na uku. Kusan kowane kwas yana da takardar samina, shafi 15 zuwa 20, wadda za ka karanta gaban aji a yi maka tambayoyi. A nan ne na fahimci bambancin wannan mataki da na baya. Malami ya riga ya karanta littafin, ba ya buƙatar ka sake ba shi labari. Duk sakin layin da ke faɗin abin da ya faru kawai, ba tare da nuna yadda marubuci ya gina shi da abin da ginin ya haifar ba, jan biro zai sha.

Zaɓen batu shi ne wurin da ya kamata ka daɗe. "Matsalolin mata a ƙagaggun labaran Afirka" ba batu ba ne, fili ne da mutum zai shekara goma yana yawo a cikinsa. Batu na gaskiya yana da littattafai biyu ko uku, da tambaya guda wadda wani mai hankali zai iya yi maka musu a kan amsarta. Nawa kundin ya duba yadda tsarin gida, wato zaure da tsakar gida da ɗakin uwargida, ke yanke wanda zai yi magana da wanda zai saurara a labarai biyu na marubutan Arewa. Wannan tambaya ta ba ni abin nema a kowane shafi: wa ke ina, wa ya ji, wa aka hana shiga. Gwajin da nake ba kowa shi ne ya faɗi hujjar kundinsa a jimla biyu ba tare da kalmar "nazari" ba. Idan ta ƙi faɗuwa, batun bai nuna ba.

Ina ba da shawarar a duba marubutan Arewa masu rubutu da Ingilishi, ba don son kai ba. An yi rubutu a kan Achebe da Soyinka har ba ya ƙirguwa, kuma ɗalibin mastas zai sha wuya kafin ya sami giɓin da zai cike. Amma Labo Yari, da Abubakar Gimba, da Zaynab Alkali wadda littafinta na farko ya fito a 1984, da Abubakar Adam Ibrahim da ya ci gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, har yanzu akwai fili a kansu. Wanda ya tashi cikin al'adar yana ganin abin da baƙo zai wuce, kamar kunyar ɗan fari ko habaicin kishiyoyi. Sai dai sanin al'ada ba ya maye gurbin hujja. Dole ka nuna abin a cikin matani, wato littafin da kake nazari, da lambar shafi. Kafin ka miƙa batu, ka leƙa tsofaffin kundayen sashenku, kuma in da hali ka duba na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, don kada a ranar kare furofozal, wato tsarin binciken da kake son yi, wani malami ya ce an yi wannan aikin tun tuni.

Ra'i kuma bayan karanta matani ake zaɓarsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ɗauko ra'in da ya ji ana yayi, ya cika babi na biyu da tarihinsa, sannan a babi na uku da na huɗu ra'in ya ɓace. Idan ka ce da ra'in bayan mulkin mallaka za ka yi aiki, ka karanta Edward Said, ɗaya daga cikin jagororin ra'in, da kansa, ba taƙaitawar da wani ya yi a intanet ba. Idan batunka ya shafi mata, ka san cewa masana na nan gida irin su Molara Ogundipe-Leslie da Catherine Acholonu da Obioma Nnaemeka sun kawo nasu tsarin saboda na Turai bai dace da kowane gida ba, kuma ka shirya faɗin dalilin da ya sa ka ɗauki ɗaya ka bar sauran. Kalmomi uku ko huɗu na ra'in da za su yi maka aiki a kowane babi sun fi shafi ashirin na tarihi amfani.

Bitar ayyukan da suka gabata ba jerin "wane ya ce, wance ta ce" ba ce. Ka tara masana bisa matsayarsu, ka nuna inda suka saɓa, sannan ka nuna inda duk suka tsaya ba su ƙarasa ba. Ka nemi lambar shiga JSTOR, taskar maƙalun ilimi ta intanet, a laburaren jami'a, ka duba AJOL, wadda ke tara mujallun ilimi na Afirka a intanet, ka saba da mujallu irin su Research in African Literatures. Sassan adabi da yawa suna bin salon MLA wajen kawo madogara, wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021, amma ka tambayi wanda sashenku ya amince da shi. Ka yi aiki da bugu ɗaya na kowane littafi daga farko har ƙarshe, domin kwafin jabu na kasuwa sau da yawa lambobin shafinsa ba sa daidai da na asali. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana manazarta tun daga ranar farko. Jami'o'i da dama suna saka kundi a Turnitin, manhajar gano satar fasaha, kafin a kare shi, kuma manhajojin da ke rubutu da kansu sukan ƙirƙiro sunan maƙalar da ba ta wanzu ba. Duk abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ya shiga manazartarka.

Malamin da ke duba aikinka yana da ɗalibai da yawa da nasa darussan. Ka kai masa babi ɗaya-ɗaya, a buge, da tazara tsakanin layuka, kuma duk lokacin da ka mayar da gyara ka haɗa da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro da jerin abin da ka gyara. Wannan kaɗai yana rage makonni. Ka tambaya tun wuri ko yana shirin tafiya hutun bincike na shekara. Yajin aikin ASUU ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Waɗanda suka ci gaba da rubutu a gida su ne suka dawo da babobi a hannu. Kuma duk shekarar da ta ƙaru sai ka sake rajista ka sake biya.

Karewa hawa uku ce: ta furofozal, ta cikin gida, sai ta gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Tambayoyin ba sa canzawa sosai: me ya sa waɗannan littattafan, me ya sa wannan ra'in, kuma me ka ƙara wa ilimi. Ka je da littattafan kansu, da alama a shafukan da ka fi dogara da su, domin mai jarrabawa kan ce ka buɗe ka karanta wurin da ka kafa hujja. Ka sa aboki ya rubuta duk gyaran da aka faɗa, ka gama shi cikin wa'adin da aka ba ka, a sa hannu, sannan ka kai ɗauri. Sakamako ba ya tabbata sai majalisar jami'a ta amince.

Kafin zafin aikin ya huce, ka ciro babin da ya fi ƙarfi, ka rage shi zuwa shafi 20, ka cire duk inda ya dogara da sauran babobi. Shi za ka aika wa mujalla, kuma shi ne samfurin rubutun da jami'o'in waje ke nema idan ka tashi neman digiri na uku.