Ramin taki na biyu ya nuna, ga inda aka kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo irina. Kwana biyu kun ji ni shiru, aikin rami ne ya riƙe ni, yau da safe na buɗe na biyun na ce bari in ba ku labari tun ƙanshin bai bar hannuna ba.

Ga waɗanda ba su san gonar ba, 'yar jigawa ce a hanyar Mirriya, gadon mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Rairayi ne fari fat, in ka dunƙula ka buɗe hannu sai ya zube kamar gishiri. Shekara da shekaru gero bayan gero, in an yi girbi a kwashe kara kaf a sayar ma masu dabbobi, abin da ya rage a banka mishi wuta lokacin sharar gona, muna ta ci ba mu mayar mata da komi. Damina uku kenan da na daina zuba takin zamani da maganin feshi, kuma gaskiya shekarar farko dammunan da na ɗaure ba su kai na da ba, kar wani ya ce muku abin nan take ne.

Kuskurena na farko ɗanyen kashin shanu na zuba kai tsaye a ramin shuka. Geron ya fito ya yi ja ya ƙone, ciyawa kuwa ta taso kamar ita na shuka, ashe irinta na cikin kashin. Rami na farko shi ma bai yi ba, na cika mishi toka yana ta warin fitsari, daga baya na gane wannan warin ƙarfin takin ne ke gudu cikin iska, toka in ta yi yawa ita ke korar shi. Ga ruwa bai ishe shi ba, kun dai san Damagaram da sha'anin ruwa, wanda za a sha ma sai an yi da gaske balle na ban rami.

Na biyun nan na bi shi a hankali. Na haƙa shi gindin bedi saboda inuwa, zurfinsa bai kai mita 1 ba. Kara na sassara guntu-guntu na jiƙa shi ya kwana, na shimfiɗa kamar taƙi ɗaya, sai kashin awaki da na shanu, sai toka ɗan barbaɗe kawai kamar ana sa gishiri a miya, a yayyafa ruwa, a sake wani shimfiɗin har ya cika, na rufe da tsohuwar tabarma. Ruwan kuwa na alwala ne da na wankin hatsi uwargida ke tara min a bido, banda na omo. Na soka sanda a tsakiya, kwana 4 na zaro ta wallahi sai da na sake ta don zafi, ga tururi. Wannan zafin shi ake nema, yana iya kai digiri 60, shi ke kashe irin ciyawa. In ka zaro sanda da sanyi kuma a bushe, ƙara ruwa, in tana yauƙi tana ɗoyi ruwa ya yi yawa, juya shi ya sha iska. Duk kwana 15 nake juyawa, na waje ya koma ciki. Yau wata 3 cif, ya yi baƙi, yana marmashewa, ba ka gane kara ba ka gane kashi, ƙanshinsa irin na ƙasa ranar ruwan farko. Na jima a tsugune ina juya shi da hannu kafin in tashi.

Ba zai ishi gonar duka ba, don haka ba watsawa zan yi ba, cikin hannu biyu a kowane gindin shuka.

Amma abin da ya fi taɓa ni bana ba ramin ba ne. Dattijon da muke iyaka da shi ya tarar da ni ina shirin sare wani toho, ya ce ɗana ajiye gatarin nan, gawo ne. Na ce Baba ai inuwa zai yi ma gero. Ya ja ni gindin babban gawon gonarsa ya ce tona. Na tona da yatsa, ƙasar duhu gare ta, da laushi, ba irin tawa ba, alhali taku 20 ne tsakani. Gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da sauran itatuwa ke yin nasu, don haka ba ya tare ma shuka rana, da rani kuma dabbobi su taru ƙarƙashinsa cin 'ya'yansa su bar taki a wurin. Tsofaffinmu na ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimune ya sa doka mai tsanani kan saran gawo, yanzu na gane dalili. Sassabin zamanin nan da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa a Maradi wajen 1983 shi ne dai wannan, ka bar kututturen da ke toho, ka zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi ka datse sauran, kuma an kiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta haka a Nijar, wanda ya bi Matameye da Magariya ya ga gawo da idonsa. Yanzu haka na ɗaura ma toho 14 tsumma don kar a sare, gawo da sabara da kalgo.

Rabin karan bana ban kwashe ba, na kwantar da shi a inda iska ta fi kwasar ƙasa. Gara ta shiga, da can da na ce ɓarna ce, amma da na ɗaga sai na ga ta huda ƙasar ko'ina, ga rairayin da iska ta kawo ya taru a jikin karan. Wake kuma na sa shi tsakanin gero, ku tumɓuke guda ɗaya in ya fara fure ku duba saiwar, akwai 'yan ƙulle-ƙulle, in kun fasa cikinsu ja-ja ne to suna aiki, su ke jawo abinci daga iska su ajiye ma ƙasa.

Ƙuduji dai, ciyawar nan mai tsotse saiwar gero, har yanzu muna fama. Ku cire shi kafin ya yi fure, kuma don Allah kar ya shiga ramin taki, tushe ɗaya na zubar da iri dubbai da ke iya kwana a ƙasa sama da shekara 10, shi kam wuta.

Rami na uku zan fara bayan kasuwar Alhamis in na samo amalanken kashin awaki in sha Allah. Damuwata dabbobin sake, suna cinye min karan da na kwantar tun kafin rani ya raba, na gwada danne shi da ƙasa ya ɗan rage amma bai hana ba. Wanda ya san wata dabara a cikinku ya taimaka min da ita.