Mura, haɗin kemis da ƙwayata ta dare

Laraba. Yau kam hunturu ya nuna min iyakata. Tun asuba hanci ya toshe, kai na sara, jiki kamar an kwana ana jibgata, da ƙyar na je masallaci na dawo na sake shigewa bargo, ban fita kasuwa ba sai wajen sha ɗaya.

A hanya na tsaya wani kemis nace yaro a haɗa min na mura da ciwon jiki. Ya ɓallo wannan ya ɓallo wancan, kala huɗu a 'yar leda, yace safe da dare. Har na fasa fiya wata zan kora sai na tuna ni fa yanzu ba kamar da bane, wata bakwai kenan ina shan simvastatin 20 kullum da daddare tunda likita yace kwalastarol ya min yawa a jini, ga hawan jini da ake ta lallaɓawa. Sai na kira 'yar yayata da ta karanci haɗa magunguna.

Tace Kawu don Allah kar ka sha tukuna, koma ya nuna maka katin kowanne ka turo min hoto a WhatsApp. Na koma, yaron yana wani ɓata rai. Ashe paracetamol ne, da ƙwayar mura, da ibuprofen, da erythromycin.

Na ƙarshen nan shi ta fi yi wa faɗa. Wai erythromycin, wanda antibayotik ne, da ɗan'uwansa clarithromycin suna hana hanta sarrafa simvastatin, sai ya taru a jini ya fara cin tsoka, in abin ya yi tsanani fitsari ya koma kalar baƙin shayi, daga nan sai ƙoda. Kuma abin haushin mura ce fa kawai, antibayotik ba abin da yake mata, kuɗina kawai zai ci ya bar ni da wahala. Ni da na ɗauka matsalar duk a maganin ciwon jiki take.

Paracetamol tace ba ya faɗa da ƙwayata, in sha. Amma in duba bayan katin maganin murar, na duba da tabarau, ai kuwa akwai paracetamol 500 a cikinsa shi ma, kenan da na ninka ban sani ba. Iyakar babban mutum ƙwaya 8 ce a awa 24, giram 4 kenan, in an wuce hanta ce ke ji a jikinta. Sannan sinadarin da ke buɗe hanci a ciki yana ɗaga hawan jini, don haka ni dai in haƙura da shi. Ibuprofen shi ma ba ruwansa da simvastatin, sai dai ba ya shiri da olsa da ƙoda da hawan jini, kuma ta san tarihin cikina da azumin bara.

Ta tambaye ni yaushe ciwon jikin ya fara, nace jiya tare da murar. Tace to, amma in mura ta tafi cinyoyi da kafaɗu basu daina ba, kar in yi ta danne shi da ƙwaya, in koma wajen likita a gwada jini. Har da wani wai in guji garehul, na yi dariya, ni ina na taɓa sayensa ma? Lemon zaƙi dai tace ba laifi.

Ciniki yau ba yabo ba fallasa, da la'asar na rufe shago. Maman yara ta dafa shayi da citta da kanumfari, na yi sirace, hancin ya ɗan buɗe gefe ɗaya. Paracetamol biyu bayan magariba, ƙwayata ta dare bayan isha. Ragowar ledar Maman yara tace in ba ta ta ajiye ko wani zai buƙata, na hana, tana aljihun rigata gobe zan mayar wa yaron kemis ko ya karɓa ko kar ya karɓa.