Wasiƙar da ta ce daga Microsoft take

Ranar wata Alhamis bayan azahar, ina tsugune ƙarƙashin tebur ina fama da firintar da ta haɗiye takarda, sai wayata ta yi ƙara. Akawun wani shagon atamfa ne a Kantin Kwari, cikin wuraren da muke kula musu da kwamfutoci. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, mutanen Microsoft sun aiko mana saƙo, wai in ba mu yi afdet cikin awa 24 ba za a rufe kwamfutar. Alhaji ya ce in danna kawai, ni kuma na ce bari in ji ta bakinka." Na ce masa, "Malam, ɗauke hannunka daga linzamin nan, ga ni nan tafe."

Shagona yana Titin Gidan Zoo, ɗaki ɗaya da baranda, ni da yara uku. A Farm Centre na koyi riƙe sukudireba, wajen gyaran waya, daga baya na koma kwamfuta. Muna canza allo da batir, muna saka Windows, muna ja wa ofisoshi wayar intanet. Amma abin da ke riƙe shagon a zahiri shi ne kuɗin wata da wasu 'yan wurare ke biyan mu don mu riƙa leƙa musu injinansu: shaguna a Kwari da Singa, kemis biyu a Sabon Gari, da wata makarantar kuɗi a wajen Kabuga. Mutanen nan ba su damu da sunan manhaja ba. Lissafin bashi, jerin kaya da sakamakon jarrabawar yara, su ne dukiyar da ke cikin akwatin.

Tun kafin in hau babur na san abin da zan tarar, da na ga dama ma ta waya zan kashe maganar. Na tafi ne saboda Alhaji, don shi mutum ne da sai ya gani da idonsa.

Saƙon kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Ga tambarin nan mai murabba'i huɗu, ga Turanci tsaf babu tuntuɓe. A da muna gane 'yan damfara daga gurɓataccen Turancinsu, yanzu wannan alamar ta mutu, na daina koya wa yarana ita. Har da lambar CVE suka saka, wato lambar rajistar da ake ba kowace ɓaraka da aka gano a manhaja, tsarin da ake amfani da shi tun 1999. A ƙasa ga wani shuɗin maɓalli, wai a danna a sauke gyara.

Alhaji ya leƙo ta kan tabarau ya ce, "Ai ga tambarinsu nan, Injiniya." Na ce, "Ranka ya daɗe, atamfa nawa ce a kasuwar nan aka buga wa tambarin Holan a gefe, alhali ko hanyar Holan ba ta sani ba?" Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya jawo kujera.

Na danna sunan mai aikowa don cikakken adireshin ya fito. Sunan da ke sama kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ko Sarkin Kano ne. Adireshin da ke ƙarƙashi shi ne abin dubawa, musamman abin da ya biyo bayan alamar @. Da farko akawu ya ce ai microsoft ne. Na ƙara girman rubutun har haruffan suka yi kamar na allon talla, sai ga shi ba harafin m ba ne a farko, r ne da n aka jera su kusa da juna. Sannan na ɗora linzami a kan shuɗin maɓallin ba tare da na danna ba. A can ƙasan allo, gefen hagu, sai ainihin inda zai kai mu ya bayyana, wani dogon adireshi da ko ƙamshin Microsoft babu a cikinsa.

Waɗannan duk alamomi ne, kuma ina duba su, amma ba a kansu na dogara ba. Gobe wani zai zo da adireshin da ya fi wannan kama da gaskiya. Sai na tambayi Alhaji abin da yake yi idan yaro ya shigo ya ce Alhaji wane ya aiko shi a ba shi dila biyu. Ya ce, "Kiran mai kayan zan yi mana." Na ce da wace lamba, wadda yaron ya miƙo? Ya ce, "Haba, wadda take cikin wayata tun shekara goma." To shi ke nan sana'ar tawa a wannan fannin. Imel ɗan aike ne. Yana iya zuwa da labarin gaskiya, yana iya zuwa da na ƙarya, amma ba a karɓar kaya daga hannunsa, ba a kuma bin hanyar da ya nuna. Na rufe saƙon, na shiga Settings, na buɗe Windows Update, na ce ta duba. Ta sauke abin da ya rage mata, ta nuna komai daidai. Minti shida.

Microsoft ba ya aiko da gyaran tsaro a maƙale cikin imel, ya sha faɗa da bakinsa. Dabarar kwaikwayonsa kuma ta girmi wasu yaran shagona. A watan Satumbar 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Swen ta bazu a duniya da irin wannan riga, saƙo mai tambarin kamfanin ɗauke da fayil, wai sabon gyaran tsaro ne. Wata guda bayan nan, Oktoban 2003, kamfanin ya fara fitar da gyare-gyarensa a tsare, kuma har yau Talata ta biyu a kowane wata ce ranar. A agogonmu wajen magariba suke fitowa, shi ya sa Larabar da ke biye ranar zagaye ce a wurinmu, yara biyu su yi Sabon Gari, ni in yi Kwari. Wani lokaci akan fitar da na gaggawa a tsakiyar wata, amma shi ma galibi ta ƙofar Windows Update yake shigowa. Kowane gyara yana da lambarsa mai farawa da KB, wadda za ka iya nema da kanka a shafin Microsoft Update Catalog, kana mai rubuta adireshin da hannunka.

Akwai abin da nake nuna wa yarana wanda ban wahalar da Alhaji da shi ba. A Gmail, in ka danna ɗigo ukun nan na gefen saƙo ka zaɓi Show original, za ka ga layuka uku, SPF da DKIM da DMARC, kowanne da hukuncinsa. Babban yarona da ya fara gane wannan sai ya ɗauka ya kama bakin zaren, duk saƙon da ya ci jarrabawar uku sai ya ce na gaske ne. Saƙon bogin nan na Kwari ma ya ci. Dalili kuwa, abin da layukan ke tabbatarwa shi ne saƙon ya fito daga gidan da ya ambata. Wanda ya sayi adireshin bogi mai r da n gidansa ne, yana da ikon buga hatiminsa. In sun faɗi, ka samu hujjar jefar da saƙo. In sun ci, sai ka koma ka karanta sunan gidan harafi bayan harafi. Haka lambar CVE: a fili take ga kowa, ɓarawo na iya kwafo ta gaske ya manna.

Na Microsoft ma mai sauƙi ne. Inda gumi yake shi ne ƙananan manhajoji, irin na lissafin magani a kemis da na haɗa sakamakon makaranta, waɗanda wani matashi a Legas ko Kaduna ko nan cikin gari ya rubuta. Su ba su da ƙofar sabuntawa a cikin manhajar. Da gaske ta imel suke aiko da gyara, ko ma ta WhatsApp, kuma tunda Gmail ba ya yarda a maƙala fayil mai ƙarewa da .exe, sai su aiko da mahaɗar saukewa, sak yadda ɓarawo zai yi. Ga saƙon gaskiya sanye da kayan ɓarayi.

A nan na taɓa ƙonewa, kuma laifina ne. Wani kemis da muke yi wa aiki ya samu saƙo da sunan mai manhajarsu, daga ainihin adireshinsa, har da ambaton matsalar rasit da suka yi ƙorafi a kai makon da ya wuce. Mai kemis ya turo mini, na duba adireshi a waya ina kan layin mai, na ce ya sauke. Ashe an yi wa mai manhajar kutse a akwatin imel ɗinsa, ɓarawon ya zauna ya karanta tsofaffin hirarraki ya ɗora daga inda aka tsaya. Washegari da safe duk fayilolin kemis ɗin sun ƙi buɗuwa, sai takarda ɗaya a kan allo ana neman kuɗin fansa. Allah ya taimake ni akwai kwafin da muka ɗauka kwana tara kafin nan a faifan ajiya na waje, wanda ke cikin durowa ba a jone ba. Cinikin kwana tara kuwa da hannu muka mayar da shi daga littafin rasit, ni da yaron kemis, dare biyu, janareto na kuka. Mai kemis bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ai kai muka tambaya." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, duk gyaran da ya zo ta saƙo sai na kira mai manhajar da tsohuwar lambarsa na ji muryarsa. In ya ce shi ya aiko, sai in sa ya karanta mini farko da ƙarshen lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato zanen yatsan fayil, wanda ko ɗigo aka canza a ciki sai ya sauya gaba ɗaya. Ni kuma in fitar da tawa da umarnin Get-FileHash in gwada. Lambar da aka rubuto cikin saƙon da ya kawo fayil ɗin ba ta da amfani, ɗan aike ne ke ba da shaidar kansa. Wasu masu manhajar sun ji haushi da farko, ɗaya ma ya ce ina zarginsa. Yanzu shi ke fara kira na. Bayan haka ina danna dama a kan fayil, in shiga Properties in ga ko akwai Digital Signatures da sunan wanda ya sa hannu, ko da yake yawancin ƙananan namu ba sa sayen wannan hatimi saboda da dala ake biya. Sai in ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil na ɗauke da cuta, in gwada a wata tsohuwar kwamfuta da muka ware a shago wadda ba ta ɗauke da komai, in ɗauki kwafin bayanan mai kaya, sannan in saka. Fayil ɗin manhaja kaɗai nake ɗorawa a can, ban da takardun mutane, don abin da ka ɗora masu bincike na iya gani.

Ko da duk wannan ba a rufe ƙofa ruf ba. A Yunin 2017 cutar NotPetya ta shiga kamfanoni ne ta ainihin hanyar sabunta wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukiren. Irin wannan ya fi ƙarfin mai shago a Titin Gidan Zoo, abin da ke hannuna shi ne faifan da ke cikin durowa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi cin raina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hajiya mai makarantar Kabuga da ta ji labarin kemis, sai ta sa aka kashe sabuntawa a duk kwamfutocin ofis, dama tana ƙorafin yana cinye mata data. Na zauna na ba ta labarin WannaCry, cutar kwamfutar da ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci ba wani maɓallin ƙarya suka danna ba, gyaran gaskiya ne ba su saka ba. Ta ce, "To Injiniya, a danna ko kar a danna?" Na ce, "Hajiya, na cikin Settings a danna, na cikin imel a kira ni." Ta sa sakatariya ta rubuta a takarda ta manna a bango.

Yanzu ma da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin tokumbon da ke ofisoshin da muke zuwa ba za su ɗauki Windows 11 ba, mutane na cikin ɗar-ɗar, duk saƙon da ya yi musu alkawarin mafita sai su saurare shi. Kiran da nake samu ya ƙaru.

Wahalar ita ce wannan aiki ba ya da rasit. In na canza allo, mai kaya ya ga sabon allo ya biya. In na hana shi danna maɓalli, babu abin da ya faru, kuma ba wanda ke son biyan kuɗin abin da bai faru ba. Ranar nan ta Kwari da na tashi tafiya, Alhaji ya ce, "To yanzu me aka gyara?" Na ce ba komai. Ya ce madalla, ya sa aka kawo mini lemo.

Akawun dai ya riƙe karatun, har ya zarce. Duk saƙon da ya shigo sai ya ɗauki hotonsa ya turo mini, na banki, na kamfanin waya, har gayyatar ɗaurin aure. Makon jiya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya turo wani, wai Google na gargaɗin an shiga akwatin imel ɗin shagon daga sabuwar na'ura, ya rubuta a ƙasa, "Injiniya, na gane su, ban danna ba." Na sa shi ya buɗe asusun da kansa ya duba jerin na'urorin da suka shiga. Saƙon na gaske ne, sabuwar na'urar kuma tawa ce, da la'asar na shiga ina haɗa musu firinta.