Bin salsalar gidanmu: inda aikin ya kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin asali. Ɓangaren uwa na kammala shi har kaka ta uku ba tare da wata wahala ba, don duk a unguwar Gangare ta Jos suke, kowa ya san kowa. Ɓangaren uba ne ya riƙe ni, saboda sunan Kazaure da muke sawa a ƙarshen sunayenmu.

Mun tashi da yaƙinin can ne tushenmu. Ai haka aka saba a Arewa, yaro ya shiga makarantar boko a liƙa masa sunan garinsu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. To amma gwaggon babana, wadda dukanmu Gwaggo muke ce mata, da na zauna da ita sai ta ce, "Ɗan nan, Baba bai taɓa kwana a Kazaure ba. Mutumin ƙasar Daura ne."

Ga yadda ta ba ni labarin. Mahaifin nata, wato kakan babana, yana saurayi ya baro ƙauyensu a shekarar Kakalaba, yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, ya bi ayarin wasu Kazaurawa masu neman aikin kuza. A ƙafa suka iso, ko da yake a 1914 ɗin ne ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya fara zuwa Jos, wanda aka daina a 1957. Ya soma da ɗaukar ƙasa a kwano a wani bariki kusa da Bukuru, ƙarƙashin heluma, wato shugaban leburori, Bakazaure. Masu suna irin nasa sun yi yawa, sai malamin biya ya riƙa bambanta su da sunan ayarin da kowa ya zo ciki. Da aka kai kakana elemantare, sunan da aka san ubansa da shi aka rubuta, muka gada.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar ɗiban gwamna, wato aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da Turawa suka matsu da kuza saboda yaƙi. A lokacin shi ya riga ya zama heluma. Gwaggo ta ce har ya tsufa ba ya son a ta da zancen, sai dai ya ce sanyin Filato ya ci mutanen da aka kwaso daga ƙasashe masu zafi ba ko bargo. Bayan yaƙin ya bar bariki, ya koma sayar da goro a cikin gari.

Ga masu farawa, kada ku tambayi tsohuwa shekara, ku tambaye ta abin da ya faru. Da na ce yaushe aka yi mata aure, shiru ta yi tana lissafi. Da na ce kafin zuwan Sarauniyar Ingila Jos ne ko bayansa, nan take ta ce damina ɗaya bayansa, ka ga 1956 ta ba ni madogara. Ku kuma kula da alkunya. Ba ta kama sunan mahaifinta, sai jikarta ce ta raɗa mini cewa Tanko ake kiransa. Wannan laƙabi kuwa na namijin da aka haifa bayan mata ne, ke nan yana da yayye mata da suka rage a gida, kuma wataƙila zuriyarsu na nan.

Yanzu na naɗi muryarta a waya, na kwafe a littafi da kalmominta, ban gyara ko ɗaya ba. Saura in je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna in duba fayilolin lardin Filato, sannan in nufi Daura da sunan ƙauyen da kuma kwatancen zanen fuskarsa. Wanda ya taɓa neman rajistar leburorin kuza a cikinku, don Allah ya faɗa mini ta inda ya fara.