Na je Berlin neman titunan da na karanta a littafi

Kwana shida ke nan da dawowata, akwatina har yanzu a buɗe yake a tsakar ɗaki, tsarabar mutane ma ban gama rabawa ba. Duk wanda ya zo yi min sannu da zuwa sai ya tambayi sanyi, ni kuwa abin da ke cin raina daban ne.

Na yi shekaru ina fama da jarabar karanta ƙagaggun labaran da aka gina kan Jamus ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga rikicin faɗuwar darajar kuɗi na 1923 har zuwa 1939. Har na haddace sunayen unguwanni kamar can aka yanke min cibiya. Don haka da ƙanena da ke karatu a Berlin ya aiko min da takardar gayyata, sai na ce masa ya ajiye maganar kantuna, ni tituna zan je gani. Ya ce, "Yaya, mutane na zuwa Turai hutawa, ke kin zo bikin duba makoki."

Washegarin isata aka yi min marhabin. Na sayi tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa da kuɗina, ashe sai an cusa shi cikin wani ɗan akwati ya buga masa hatimi kafin a shiga. Tasha biyu kawai muka yi, wani mai duba tikiti cikin kayan gida ya nuna min katin aikinsa, ya juya tikitin, ya ce tarar euro 60. Na yi bayani, na nuna fasfo mai hatimin jiya-jiya. Ko fuskata bai kalla ba. A gida da tuni wani dattijo ya sa baki ya ce baƙuwa ce a yi haƙuri. Nan kuwa kowa ya kafa wa wayarsa ido. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da na nemi wurin zama.

Ran Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai muka tafi kasuwar gwanjo ta Mauerpark. A rumfar wani tsoho na ga tarin takardun kuɗi na 1923, na zaro guda, an rubuta mark biliyan 20. Ya ce euro biyar. Na taya biyu, ya harare ni kamar na zagi kakansa, ƙanena na ja min hijabi yana cewa nan ba Kurmi ba ce. Na juya zan tafi, tsohon ya sallama a uku. Ciniki dai ko'ina ciniki ne. A watan Nuwamba na 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, ana biyan ma'aikata sau biyu a rana don su ruga kasuwa kafin kuɗin ya zama takarda. Wannan ɓangaren na littattafan bai taɓa yi min wuyar ganewa ba. Duk wadda ta je awo da kuɗin da suka isa makon jiya ta dawo da rabin kwano ta san yadda zuciya ke tafasa tana neman wanda za ta ɗora wa laifi.

Dandalin Bebelplatz na kusa wuce shi ban sani ba. Gilashi ne kawai a ƙasa tsakanin duwatsun daɓe, in ka leƙa sai ka ga ɗaki fari fat da kantocin littafi babu komai a kansu. A nan aka ƙona littattafai kusan 20,000 a daren 10 ga Mayu 1933, wata uku da 'yan kwanaki bayan Hitler ya zama shugaban gwamnati. Abin da ya tsaya min shi ne ginin da ke tsallaken titi, wato jami'a. A labaran da na saba karantawa, masu cinna wutar 'yan daba ne masu ƙaton wuya. Ɗalibai ne suka tsara abin, su suka ɗebo littattafan daga ɗakunan karatu.

Inda na fi daɗewa shi ne unguwar Bayerisches Viertel, inda Einstein ya taɓa zama. Unguwa ce mai bishiyoyi da tsabta, irin wadda za ka so 'yarka ta yi aure a ciki. A jikin turakun fitilu an rataye alluna 80, gefe ɗaya zane mai ban sha'awa, ɗaya gefen kuma doka da shekararta. A 1933 an cire Yahudawa daga ƙungiyoyin waƙa. A 1938 an hana likitocinsu aiki, an kori 'ya'yansu daga makarantun gwamnati. Akwai allo mai zanen kyanwa, a bayansa an hana su kiwon dabba a gida, 1942. Ƙanena na fassara min ɗaya bayan ɗaya har yatsunsa suka sandare. Marubuta sun fi son daren fasa gilasai na 9 ga Nuwamba 1938, da aka far wa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa, don akwai wuta da ihu. Ƙungiyar waƙa kuwa wa zai rubuta babi a kanta? Amma da irinta aka fara, kuma na tabbata a ranar akwai wanda ya ce ai waƙa ce kawai.

Muna tsaye wata dattijuwa ta fito da jakar cefane, ta tsaya tana kallonmu, can ta ce mu shigo mu sha abu mai zafi. Na yi mamaki, don an ce min Jamusawa ba su san baƙo ba. Ta kawo kofi da kek na tuffa, na tambaya ko da giya a ciki, ta yi dariya ta ce babu, ta ƙara yanka min. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta nuna wani kabad na katako mai nauyi a falon. Ta ce kakarta ce ta saye shi a 1938 daga maƙwabtansu na sama da ke shirin tashi, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun tana yarinya take jin ana yabon kakar da iya ciniki, kuma ba a taɓa faɗin inda maƙwabtan suka tafi ba.

Na ajiye cokalin. Takardar mark biliyan 20 na cikin jakata, kwana biyu ina ta alfahari da yadda na same ta. Duk littattafan da na karanta suna ba ni jarumar da ta hango abin da ke tafe, ko wadda ta ɓoye maƙwabciya a soro, ni kuma sai in ɗauki kaina in sa a rigarta, alhali ni na san ƙarshen labarin, su ba su sani ba. Ban taɓa cin karo da wanda aka ba mai sayen kabad matsayin tauraruwa ba, ga shi kuwa irinta sun fi yawa. Na so in tambayi dattijuwar me ya sa ba ta rabu da shi ba, kunya ta hana ni, ina cin kek ɗinta.

Sauran tafiyar a gurguje na yi ta. Filin wasan Olamfik na 1936, inda Jesse Owens ya ci zinare huɗu, yana nan ana buga ƙwallo a ciki. A Nurembag na ga dandalin gangamin 'yan Nazi, ciyawa ta fito a tsakanin matakala, samari na wasa a gefe. Munik ruwa aka yi ta yi, kuma ban yafe biyan euro ɗaya don shiga bayan gida a tasha ba. Dachau, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane kusa da Munik, ban iya zuwa ba.

Jiya ɗan autana ya tsinci takardar kuɗin a cikin littafin da nake karantawa, ya ƙirga sifilin da yatsa, ya ruga ya gaya wa babansa wai Umma ta dawo da kuɗin sayen jirgi.