Alkakin gara da ruwan bunu

Bayan bikin ƙanin maigidana, da dangin amarya suka kawo gara aka raba, rabonmu ya iso cikin wani bokitin roba mai murfi. Alkaki a ƙasa, dublan a sama don kada ya farfashe, nakiya a ƙulle cikin leda, sai gireba da cincin da aka cusa a gefe. Yara suna ta zagaye bokitin, ni kuwa na ɗaga shi na kai saman kwaba.

Washegari da safe na haɗa shayi yadda muka saba a gidan nan, haɗin kauri: madarar gwangwani, Milo, sukari cokali uku. Na ɗauko alkaki guda, na gutsira na kurɓa. Ban kai rabi ba ya ginshe ni, har zuciyata ta fara tashi. Na ture farantin ina cewa masu alkakin nan sun cika hannu da sukari.

Goggo, yayar babanmu, da ta zo biki ta sauka a wurinmu, tana kan darduma tana lazimi. Sai da ta shafa addu'a sannan ta dube ni.

"Ke 'yar nan, laifin mai alkaki ne ko naki? Abin da ya kwana cikin ruwan sukari shi za ki bi da wani sukarin? Tashi ki dafo mini ruwan bunu, kada ki sa masa komai."

Na dafo, na zuba mana a ƙananan kofuna. Wallahi kamar an canza alkakin. Ɗan tsamin nan na kwanan ƙulli, wanda ɗazu ban ji alamarsa ba, sai ga shi ya fito. Ƙamshin alkama ya fito. Na cinye guda biyu a zaune.

Abin da ke aikin shi ne baurin ganyen. Duk wanda ya taɓa shan ruwan bunu zalla ya san yadda yake ɗan kama harshe, kusan irin na goro. Wannan baurin ne ke wanke maiƙo da zaƙin da alkaki ya bari a baki, sai loma ta biyu ta zo kamar ta farko. Madara kuwa kashe baurin take yi, shi ya sa haɗin kauri ba ya iya wannan aikin. Amma akwai iyaka. Idan ganyen ya jiƙa minti uku zuwa huɗu ya isa. Ranar da na manta shi a kan wuta ina waya, ɗaci ya yi kamar sabara, ko zaƙin alkaki bai iya da shi ba. Na gwada da Lipton, na gwada da Highland, wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba, duka sun yi. Na fi son na Mambila, ko da yake ban rantse ba ko son na gida ne kawai.

Daga nan na mayar da bokitin nan makaranta. Kullum bayan la'asar sai na ɗauko abu ɗaya na dafa masa shayinsa.

Dublan ba shi da nauyin alkaki, siriri ne, da ka taɓa shi sai ya ruguje. Shayi mai ƙarfi danne shi yake yi. Wanda ya dace da shi shi ne wanda bai yi duhu ba, a matsa masa lemun tsami kaɗan, tunda dama ana sa lemun a ruwan sukarin da ake tsoma shi. Kada a tsoma dublan a shayi, don Allah. Na ga ƙaramin ɗana ya yi, abin da ya rage a kofin ba ya ganuwa.

Nakiya ce ta ba ni kunya. Ina ji da shayina na kayan ƙamshi, mai citta da kanumfari da kirfa da ɗan masoro, wanda baƙi ke yaba mini. Na kawo shi da nakiya ina jiran yabo. Goggo ta kurɓa, ta ajiye, ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Nakiya ai da kayan yajinta aka daka ta, ga man shanu, ga zuma ko sukari. Sai yaji ya hau kan yaji, maƙogwaro na zafi, ba ka jin shinkafar ba ka jin shayin. Ita ma ruwan bunu take so, mai zafi sosai, don ya narkar da man shanun. Shayin citta kuwa sai na gano wurinsa: tuwon madara da gullisuwa. Waɗannan madara ce zalla da sukari, citta ce kaɗai ke iya ratsa su.

A kan gireba ne maigida ya ci nasara a kaina. Gireba busasshiya ce, tana marmashewa a baki, idan ba ka yi hankali ba ta shaƙe ka, kuma zaƙinta bai kai na sauran ba. Ita kam da shayin madara ta fi, cincin ma haka. Na yarda, amma na rage sukarin zuwa cokali ɗaya, yana ta mita.

Akwai wani dattijon Buzu, mutumin wajen Agadas, da ke gadi a layinmu. Da yamma za ka gan shi da 'yar butarsa a kan garwashi, yana dafa koren ganyen nan na ƙasar Sin da ake murzawa ƙanana. Zubi uku yake yi daga ganye ɗaya: na farko ɗaci kamar me, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi da na'ana'a. Yana ɗaga butar sama yana tsiyayawa har kumfa ta taru a ɗan kofin gilashi. Na aika masa alkaki da yara, ya yi godiya ƙwarai. Da na wuce na tambaye shi, "Baba, ya alkakin da shayi?" Ya yi dariya ya ce jikokinsa ya ajiye wa. Shi busasshen dabino yake ci da zubin farko, na ukun kuwa ba ya haɗa shi da komai sai 'yar soyayyar gyaɗa, don a wurinsa shayin ne kansa kayan zaƙin. Da na ba Goggo labari ta ce haka ta gani a Makka da Madina, gahawa ba sukari, dabino a gefe.

Kek ɗin zagayowar ranar haihuwa, mai farin sukarin nan a sama, ban samo masa shayi ba har yau. Kankare saman nake yi.

Ranar da Goggo za ta koma na ƙulle mata alkaki biyar da kwalin ganyen shayi. Da na dawo daga rakiya na tarar da maigida a falo, bokitin a gabansa, ya haɗa kaurinsa har cokali na neman tsayawa, yana tsoma alkaki a ciki.

"Yanzu duk abin da Goggo ta faɗa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Goggon ai ta tafi."